Turken Kekunan Gidan Haya

Na ji labarin da kuke ba juna a kan ƙarfen nan na ƙofar gidan hayarmu na Magajin Gari, kowa da irin nasa. Wannan ya ce taurin kaina ne ya kafa shi, wancan ya ce wani mai walda ne ya yi mini daɗin baki, autarku kuwa cewa ta yi wai a Kaduna na gano na kwaikwayo don a ce Hajiya ta waye. To, ku gyara zama ku ji daga bakin mai ita. A duk abin da na rubuta muku zuwa yanzu babu shekarar da ta fi wannan yi mini nauyi, har da shekarar da mahaifinku ya rasu, Allah ya jiƙansa. Mutuwarsa daga Allah ta zo, ba a tambaye ni ba. Wannan kuwa ni na je na zaɓa da idona, na yi ciniki da bakina.

Gidajen haya biyu ya bar mana, ƙaramin na bayan kasuwa da babban nan da nake zaune a sashe guda. Kafin daji ya lalace 'yan hayarmu malaman makaranta ne da ma'aikatan asibiti, a yi wa wannan canji ya tafi wani ya zo. Da ɓarayin daji suka matsa wa ƙauyuka sai gari ya cika da mutanen da ba su taɓa sanin ana biyan kuɗi a kwana a ɗaki ba, manoman Damari da na wajen Tsohon Birnin Gwari da na wasu ƙauyukan da ko sunansu ba ku taɓa ji ba. Abin da mutum zai shigo da shi bai wuce tabarma da tukunya da keke ba. A lokacin an takura hawan babur, tunda da shi ɓarayin ke ta'asa, sai tsofaffin kekunan da aka jingine a bayan rumbu suka dawo da darajarsu. Da keke ake zuwa 'yar gonar da ta rage a bakin gari, da shi ake yo itace, da shi ake kai mara lafiya asibiti. Kowane ɗaki a gidana da kekensa, wani ma biyu, kuma ba mai yarda nasa ya kwana inda ba ya jin motsinsa. Zaurena ya koma gareji. In mutum zai shiga sai ya karkace kamar mai ratsa gonar dawa, feda ta kama masa riga nan, kan keke ya zungure shi can. Na yi faɗa har muryata ta dishe, a janye yau, gobe a mayar. Ranar da wata mai tsohon ciki ta yi tuntuɓe da bokitin ruwa a ka ta zube a kansu, Allah ya tsare ba ta ji ciwo ba, na rantse sai na raba zaurena da keke.

A ɗakin ƙarshe, na jikin rijiya, Malam Buba ne da matarsa Dije. Wasunku sun san shi, dattijon Bafulatanin nan siriri mai ɗingishi. A rugar gefen garin nan aka haife shi, uwarsa ce ke kawo wa kakarku nono. Ɓarayin da ake cewa danginsa ne, su suka kore masa shanu kaf da rana tsaka, da ya bi su yana roƙo suka fasa masa gwiwa da gindin bindiga. Tun daga nan ƙafarsa ba ta kai shi inda ya wuce masallaci, keke ne ƙafarsa. Ranar kasuwa yana zuwa kara ya taya dillalai duba dabba, sauran ranaku ya yo itace Dije ta sayar. Mutum ne mara magana, in ka gaishe shi sai ya sunkuyar da kai kamar wanda ya gamu da surukinsa. Amma a shekarar nan mutanen gari ba sa ganin gwiwa, ba sa ganin shanun da suka tafi, Bafulatani kawai suke gani. Ba zaginsu nake ba. Kusan kowane gida akwai wanda aka kashe ko aka sace, wanda maciji ya sara kuwa in ya ga tsumma sai ya gudu.

Wata rana bayan la'asar mai unguwa ya yi sallama. Na rasa inda zan shimfiɗa masa tabarma a zauren nan, a tsaye muka gaisa tsakanin kekuna. Dattijo ne mai kirki, abokin mahaifinku, ya yi ta kewaye-kewaye kafin ya zo kan magana.

"Hajiya, ba ni na ce ba, mutane ne ke magana. An ce Bafulatanin nan naki yana fita in gari ya yi shiru."

"Wa ya gan shi, ranka ya daɗe?"

"Ba a gan shi ya fita ba. Amma ba a gan shi a ciki ba kuma."

"Ni ma ai ba a ganina a ciki. Ko ni ma rahoto nake kaiwa daji?"

"Bar wasa, Hajiya. 'Yan sa-kai sun fara kiran sunansa. Kin san abin da ke biyo baya in an ce da mutum infoma. Ki sallame shi kafin watan nan ya mutu, ya koma inda ya fito, ke ki huta shi ma ya huta."

"Inda ya fito ai toka ce."

Ya kakkaɓe rigarsa da feda ta shafa wa baƙin mai ya fita. Ku da kuke Kaduna da Zariya a lokacin ba za ku san nauyin kalmar nan ba. In aka kira mutum infoma, ba kotu ba shaida, wani lokacin sai dai a tsinci takalminsa. In kuma na kore shi ya koma daji, waɗancan za su ce gari ne ya aiko shi leƙen asiri. Gaba kura baya siyaki. Washegari yayanku ya kira ni a waya, ban san wa ya kai masa labari ba.

"Mama, don Allah ki rufa mana asiri. In aka tashi ƙona gida ba za a tsaya tambayar ɗakin wane ne ba."

"Ubanka ya taɓa korar ɗan haya don an ce?"

"Zamanin Baba daban, Mama."

Gaskiya ya faɗa, kuma na ji tsoro, kada wani ya gaya muku ban ji ba. Na yi kwanaki ban ci abincin kirki ba. Ban gaya wa Malam Buba komai ba, don ban san ta inda zan fara ba. Sai na mai da haushina kan kekuna, tunda su ne abin da nake iya wa.

Akwai wani mai walda a bakin tasha, Ɗanjuma, shi ya yi mana ƙofofin gidan. Na taɓa ganin wani ƙarfe a ƙofar wata makaranta a Kaduna, yara na saka kekunansu a jere, wannan kam autarku ba ta yi ƙarya ba. Na je na kwatanta masa. Na sa Malam Buba ya biyo ni da kekensa don a gwada, domin nasa ya fi na kowa faɗi, ya ɗaure katako a kariyar baya saboda itace. Ɗanjuma ya tsuguna ya zana mini iri uku a ƙasa da guntun rodi. Na farko dogon bututun ƙarfe ne guda a kan ƙafafu biyu, kowa ya jingina ya ɗaura sarƙarsa, shi ne mafi araha. Na biyu irin na makarantar nan ne, kamar haƙoran mataji, ka cusa ƙafar gaba a tsakani. Na uku bututai ne da ake lanƙwasawa kamar bakin ƙofa a kafa su a jere, kowane keke ya jingina da nasa, sarƙa ta zagaye jikin keken, ba taya kaɗai ba.

Ni mai haƙoran nake so, don shi na gani kuma ya fi kyau a ido. Ɗanjuma yana da wani guntu da ya yi wa wani bai zo ya ɗauka ba, muka cusa keken Malam Buba a ciki. Da na ɗan tura shi ta gefe sai na ga ƙafar gaba tana neman lanƙwashewa. Kekunan 'yan makaranta ba sa ɗaukar komai sai yaro da jakarsa, namu kuwa da buhun masara a baya ake jingine su. Ga shi in ɓarawo ya kwance ƙafar gaba sai ya bar maka ita a ɗaure ya saɓi sauran ya yi gaba. Na haƙura da kyan gani. Na koma kan dogon bututun, ina tunanin in kafa shi a tsakar gida jikin rijiya in huta da surutu. Sai Malam Buba ya nuna zanen da sandarsa.

"Hajiya, wannan dogon turken kasuwa ne, kowa ya ɗaure inda ya samu. Wannan na ukun kuwa dangwali ne."

"Dangwali kuma?"

"Igiyar da muke ɗaure maruƙa. Kowane maraƙi da gurbinsa, daga babba zuwa ƙarami, ba ya canzawa. Da makiyayi ya ɗaga ido ya san wanda ya dawo da wanda bai dawo ba." Ya sauke sandar. "In kuma a waje aka kafa shi, ba makiyayi kaɗai zai gani ba."

Na dube shi, ya dubi ƙasa. Ashe duk abin da muka yi da mai unguwa a kunnen Dije ne, tana bakin rijiya.

"Malam Buba, ka san abin da kake faɗa kuwa?"

"Na sani. Maraƙin da ya kwana a dangwali ba a cewa shi ya shiga gonar wani."

Raina ya ɓaci ƙwarai. Ba da shi ba, da zamanin da zai sa dattijo mai furfura ya nemi a ɗaure shi a bakin titi don ya tsira da ransa. Amma ban ga wata hanya ba, kuma har yau ban gano ta ba. Daga nan ciniki ya canza, na tsaya a kan na ukun. Da ina neman abin da zai kwashe mini kekuna daga zaure ne, yanzu kuwa ina neman abin da ba zai ba ni kunya a gaban unguwa ba. Na ce da Ɗanjuma ba na son bututun nan mara nauyi da ake gadon yara da shi, ya nemo mai kauri irin na rijiyar burtsatse. Ya ce tsada. Na ce araha ba ta ado. Na sa ya buɗa tsakanin gurbi da gurbi yadda keke mai katako zai shiga bai taɓa na kusa ba, don na san mutanena, in kan keke ya gogi kan keke sai an yi shari'a. Na ce ƙafafun su nutse cikin siminti sosai, saboda 'yan gwangwan masu tsintar ƙarfe, da ko rodin kwalbati ba sa bari. Na ƙara da 'yar rumfar kwano don damina, in ba haka ba tsatsa za ta ba su hujjar komawa zaure. Muka ja, ya rantse, na miƙe zan tafi, ya kira ni, yadda dai aka saba. Adashen da nake tarawa don auren auta shi ya tafi a nan. Shi ya sa aka ɗaga bikin zuwa bayan kaka, ke kuma auta kika yi ta kumbure-kumbure ba ki san dalili ba. Na gidan bayan kasuwa kuwa dogon bututun na sa aka yi, can ba wanda ake tuhuma, abin jinginawa kawai suke bukata.

A gindin darbejiyar ƙofar gida aka kafa shi, daidai inda teburin Garba mai shayi ke kallo. Garba shi ne ƙarshen tashi a layinmu kuma shi ne farkon fitowa, a bencinsa kuma 'yan sa-kai ke zama. Aka shafa wa kowane gurbi fenti kala daban, don ba kowa ke karatu ba. Na Malam Buba kore ne, na bakin hanya. Ranar da ake zuba simintin Dije ta tsaya kusa da ni a zaure tana leƙe, ta ce a hankali, "Mutumin da ke ɗaure garke, yau shi ake ɗaurewa, Hajiya." Ta juya ta koma ciki. Ni kuma na yafa mayafi na je na sami mai unguwa na yi masa bayani. Ya daɗe yana shafa gemu.

"Kowa ya san ba ya iya tafiya sai da keken nan. In yana kwana a gurbinsa, ni zan tsare bakin mutane. Amma Hajiya, in aka wayi gari gurbin nan ba komai, ko sau ɗaya ne, kada ki neme ni."

Saura 'yan haya. Na tara su na ce daga yau kowa kekensa waje. Nan fa aka yi ca a kaina. Malam Tanko, wani manomin Damari mai baki kamar reza, ya miƙe.

"Hajiya, tun ranar da muka gudo, keken nan a bakin ƙofata yake kwana, kansa na kallon waje, ba sarƙa ba kwaɗo. In aka ce a gudu sai in tsaya laluben makulli?"

"In aka ce a gudu, Malam Tanko, a zauren nan za ku tattake juna kafin mutum ɗaya ya fita."

"To mu me muka yi? Wanda ake zargi ai an san shi. Shi ya fitar da nasa mana."

"A gidana ba a ware mutum ɗaya a ɗaure a waje kamar akuyar da ta yi ɓarna. Ko kowa ko ba kowa. Wanda bai iya ba, ga hanya nan."

Biyu suka bi hanyar, ciki har da wani malamin asibiti da bai taɓa ba ni ciwon kai ba, ya ce ba zai zauna gidan da ake sa wa ido ba. Ɗakinsa ya daɗe a rufe. Malam Tanko ya zauna, amma da sharaɗin a juya kekuna su kalli titi, ba bango ba. Na ga gaskiyarsa na yarda. Makullinsa kuwa a wuya ya rataya shi kamar laya, kuma har ya bar gidan bai daina yi mini mita ba.

Sai abin ya zauna. Unguwa ta sa masa suna turken Hajiya. Kafin magariba za ka ga suna dawowa ɗaya bayan ɗaya, ana jin ƙarar sarƙa, Garba na bin su da ido yana firfita wutarsa kamar ba ruwansa. Har ya zama abin dariya, domin matar da mijinta ya tsaya hira a majalisa ba ta bukatar tambayar kowa, leƙowa kawai za ta yi. An yi ta kai hari a ƙauyuka cikin watannin nan. Duk safiyar da labari ya zo, kan gurbin kore idanu ke fara sauka, kuma kullum keken na nan a ɗaure. Sannu a hankali aka koma amsa sallamar Malam Buba da fara'a, Garba ya fara miƙa masa shayi in ya fito daga masallaci. Na fara cin abinci na ƙoshi. Na ce a raina, Hajiya, kin yi dabara.

Malam Buba da Dije suna da 'ya guda da ta rage musu, tana aure a wata ruga bayan rafi. Ba nisa can ba ne, amma in ka tafi da yamma sai gobe, don ba mai bin hanyar nan bayan faɗuwar rana. A bakin Dije na san sunanta Hurera, na kuma san tana da ciki. A bakin Malam Buba ban taɓa jin sunan ba. 'Yar fari ce, kun kuwa san Fulani da kunyar ɗan fari, tamu wasa ce a kan tasu. Ba ya kiran sunanta, ba ya tambayar lafiyarta a gaban mutane, in ta zo gaishe su sai ya tashi ya ba su wuri. Amma na sha ganin ya cusa ƙullin sukari da sabulu cikin kayan Dije in za ta je can, yana waige kada a gan shi.

Wata rana cikin damina, la'asar ta yi sanyi, ina zaune a zaure ina tsintar wake. Wani mutum ya zo a keke a guje, ƙanen mijin yarinyar ne, suka yi magana da Fillanci. Dije ta fito tana gyara mayafi a hanya, ta hau bayansa suka tafi, ko sallama ba ta yi mini ba. Malam Buba bai daɗe da dawowa daga itace ba, keken na hannunsa bai ɗaure ba tukuna. Na ga ya juya kan keken ya kalli hanyar da suka bi. Ya ɗaga kai ya dubi rana, ya dubi bencin Garba. Ya daɗe a haka, sannan ya tura keken cikin gurbinsa ya zagaya sarƙa.

"Malam Buba, lafiya Dije ta fita haka?"

"Lafiya lau, Hajiya. Wai yarinyar nan ce ba ta ɗan jin daɗi."

"Ayya. Allah ya sawwaƙe."

"Amin."

Na ci gaba da tsintar wakena. Ni da har yau ban taɓa kiran sunan yayanku ba, ban gane abin da wannan magana ke nufi a bakin uba irinsa ba.

Da asuba ya yi salla, ya jira Garba ya fito ya hura wuta, ya gaishe shi don ya gan shi, sannan ya kwance keken. Ya isa ana yi wa Hurera wanka. Haihuwa ce ta zo da gardama, ta sauka, jini ya ƙi tsayawa, kafin kiran sallar farko ta cika. Jaririyar ta rayu, ita Dije ta dawo da ita a goye. Dije ta gaya mini yarinyar ba ta kira shi ba, ita ma da tata kunyar, amma duk wanda ya shigo bukkar sai ta juyo ta duba.

Na yi kuka ranar nan kamar ni na haife ta. Yayanku ya taɓa ce mini da ban kafa ƙarfen nan ba da mutumin ya ga 'yarsa. Haka ne. Da ban kafa ba kuma, Allah kaɗai ya san ko da yana raye har ta yi ta duban ƙofa. Na juya maganar nan ta kowace fuska shekara da shekaru, ban sami inda za a kama ta ba ƙaya ba. Ban ce na yi kuskure ba, kuma ban ce na ji daɗi ba.

Ranar sadakar uku aka shimfiɗa tabarmi a gindin darbejiya, jikin turken, don nan ne kawai inuwa. Ban zaci mutane za su zo ba, sai ga layin ya cika, Malam Tanko ne ma ke raba ruwa. Ina tsaye daga cikin zaure ina ji. Mai unguwa ya zo tare da shugaban 'yan sa-kai. Aka yi addu'a aka shafa, sai mai unguwa ya matsa kusa da mai makokin.

"Malam Buba, an ce tun la'asar aka aiko. Me ya hana ka tafiya?"

Malam Buba ya sunkuyar da kai, mai unguwa ya ci gaba.

"Da ka zo ka same ni ai da na ce ka tafi. Ni ba dutse ba ne."

"In zo in ce maka me, ranka ya daɗe? In tsaya gaban mutane in ce a bar ni in je in ga..."

Bai ƙarasa ba. Ko a nan bakinsa bai iya kama sunan ba.

"To ka bar keken a ɗaure mana, ka hau bayan wani. Wa zai sani?"

"Da na mai da turken maƙaryaci. Na mai da Hajiya maƙaryaciya, ita da ta tsaya mini. Gobe in an ga keke a nan, wa zai ƙara yarda mai shi na ciki?"

Shugaban 'yan sa-kai, wani ƙato da ban taɓa ganin ya sunkuyar da kai ba, ya kama tonon ƙasa da tsinke. Mai unguwa ya cire tabarau ya kama gogewa da bakin riga, ya daɗe yana gogewa, sannan ya ɗaga murya yadda har na bencin Garba za su ji.

"Ku shaida. Daga yau duk wanda ya ambaci mutumin nan da sharri, ni ya ambata. Ya kwana inda ya ga dama."

Daga ranar maganar korarsa ta mutu, ba wanda ya ƙara tayar da ita. Da yamma, bayan an naɗe tabarmi kowa ya watse, na fito na same shi shi kaɗai yana tura keken zuwa gurbinsa. Daga cikin gida ana jin kukan jaririyar.

"Malam Buba, ka ji abin da mai unguwa ya ce. Shigo da shi ciki. Ka kai shi har ɗakinka in kana so, ni na yarda."

Ya tsaya, hannunsa a kan sarƙa, bai dube ni ba.

"Bar shi nan, Hajiya. Abin da zai ci mini ya riga ya ci."

Ya zagaya sarƙar, ya danna kwaɗo, ya ja ya ji ya kama, sannan ya ɗingisa ya wuce masallaci.